Fuskar malam muke saye ko darasinsa? Muhawarar ƴan karatun nesa a zauren Maraɗi

Nana Hadiza: Assalamu alaikum ƴan zaure. Ku yi mini haƙuri, yau da zafina na shigo. Kun san ina karatun lisans daga nesa, fannin kiwon lafiyar jama'a, da wata jami'a ta waje. Jiya malaminmu ya ɗora darasi, bidiyo guda, awa ɗaya da minti arba'in. Na sayi forfen dare, wato megan intanet na dare, na sa waya ta tashe ni ƙarfe ɗaya, na fita tsakar gida gindin dogon yaro inda rezo ya fi kamawa, sauro na ta cin ƙafata. Abu ya kai kashi 91 ya tsaya cik. Na taɓa shi, ya koma farko. Sai da aka yi kiran assalatu ya gama sauka, mega kuma ya ƙare tas. Na buɗe, me zan gani? Mutum zaune kan kujera, labule a bayansa, yana karanta takardar da ya riga ya turo mana tun makon jiya. Ko alli bai taɓa ba. Don Allah me fuskarsa ta ƙara mini? Da muryar kawai ya turo, da na saurara ina wanke-wanke.

Laminu: Wa alaikumus salam. Sannu Yaya Nana. Wato da kuɗinki kin sayi kallon labule.

Nana Hadiza: Labulen ma ba mai kyau ba.

Habsu: Ni ba saukewar ce ta fi ci mini rai ba, wurin ajiya ne. Wayata jiga 32 ce, rabinta hotunan suna da biki ne da in na goge sai an yi shari'a da ni a gida. Duk darasin da ya shigo sai na kori wanda ya riga shi. Ranar jarrabawa ba ni da ko ɗaya daga na farkon zango.

Sa'adu: Bari in sa muku lissafi, don abin ba dabo ba ne. Bidiyo matsakaici, wanda za ka karanta rubutun allo ba sai ka matse ido ba, yana cin kusan megabit ɗaya kowace daƙiƙa. A awa ɗaya mega 450 ke nan, don megabit takwas ne ke ba da mega ɗaya. Murya kuwa in an matse ta a kilobit 32 kowace daƙiƙa, wadda ta isa a ji magana raɗau, awa ɗaya ba ta kai mega 15 ba. Ninki talatin. Abin da Nana ta ƙona a darasi ɗaya, da murya ce da ya sauke mata darasi talatin masu tsawon nan. Saƙon murya na WhatsApp ma ya fi haka sauƙi.

Laminu: Injiniya ya iso da kalkuleta, kowa ya gyara zama.

Dokta Lawali: Salamu alaikum. Tun ɗazu ina karanta ku, na ce bari in yi magana kafin a yanke wa malamai hukunci ba su nan. Ni ƙididdiga nake koyarwa. A watan Maris na 2020 da aka rufe makarantu saboda korona, aka ce mana a ci gaba ta intanet. Babu wanda ya taɓa nuna mana yadda ake yi. Abin da na fara yi shi ne wannan da kuke yabo, murya zalla. Na zauna cikin mota na rufe gilashi don hayaniyar yara, na yi minti ashirin ina bayani, gumi har cikin kunne. Washegari ɗalibi ya kira ni ya ce, Dokta, wannan biyun da ka faɗa, a sama take ko a ƙasa? Ku gwada karanta wa mutum lissafi mai layin rabawa biyu da tushen murabba'i da baki kawai ku ga. Gani ya kori ji, ba ni na faɗa ba.

Sannan akwai abin da ba ya shiga lissafin Sa'adu. Ɗalibin nesa shi kaɗai yake, ba aji, ba abokin zama. Wanda bai taɓa ganin fuskar malaminsa ba, barin karatun ba ya yi masa wuya, don ba wanda zai ji kunyarsa. Na ga haka da idona.

Nana Hadiza: Dokta, Allah ya ƙara girma. Wallahi ba raini ba ne, amma a darasinka hannunka nake so in gani, ba fuskarka ba. In gani ya kori ji, to a nuna mini abin gani. Namu malamin tarihin rigakafi yake karantawa, babu lamba ko ɗaya da za a ce tana sama ko ƙasa.

Dokta Lawali: Wannan kam na ba ki gaskiya. Wanda zai karanta takarda bai da hujjar kunna kamara.

Sa'adu: Akwai wani bincike da aka yi a 2014 a kan darussan edX, dandalin da jami'o'in MIT da Harvard suka kafa a Amurka. Philip Guo da abokan aikinsa biyu sun duba kallo kusan miliyan 6.9. Sun ga cewa komai tsawon bidiyo, yawancin mutane ba sa wuce minti shida suna kallo. Sun kuma ga cewa wanda malami ke rubutu da hannu yana magana ya fi riƙe mutane a kan wanda ake jera shafuka shiryayyu. Amma don kar in ci amanar Dokta, sun ce in fuskar malami na leƙowa jifa-jifa ya fi a ce shafuka ne kawai. Kowa ya samu nasa.

Rakiya: Sa'adu tsaya. Abin da suka auna shi ne minti nawa mutum ya kalla, ba abin da ya zauna masa a kai ba. Kuma waɗannan mutane ne da intanet ke kwana kunne a gidajensu, darasin kyauta ne, in sun gaji su rufe. Wadda ta ba sauro jininta ta sauke bidiyo ai sai ta kalle shi har ƙarshe ko don haushi. Kar mu ɗauko minti shida mu mai da shi aya.

Nana Hadiza: Na kalle shi har ƙarshe kuwa. Da gudun ninki biyu.

Sa'adu: Ban ce aya ce ba. Amma gajeren bidiyo yana da wani amfani a nan da su can ba su ma yi tunaninsa ba: in ya katse a kashi 91, mega arba'in ka yi asara, ba ɗari bakwai ba.

Rakiya: Wannan hujjar ta fi ta Amurkan ƙarfi.

Baba Isufu: Salamu alaikum yara. Jikata ce ke rubuta mini, ni ido ya yi nisa. Abin ga da kuke gardama kansa, ƙasar ga ta riga ta gwada shi tun ba a haifi uwayen wasunku ba. A 1964 anka fara talabijin ta makaranta a Yamai, da taimakon Faransa, tun kafin a samu talabijin ta kowa da kowa. Ni ban zauna ajin ba, amma na yi aiki da waɗanda sunka koyar cikinsa. Shiri ɗaya bai kai rubu'in awa ba. In an kashe akwatin, akwai mutum tsaye cikin aji da zai sa yara su maimaita, su yi wasa da abin da sunka gani, su rubuta. Kuma kafin wannan akwai kulob-kulob na rediyo, tun 1962. Mutane su taru da dare a saurari shiri kan noma ko lafiya, mai kula da kulob ya buɗe mahawara, ya ɗauki muryoyinsu a rakoda, a aika Yamai, a sake sa su a iska. Manomi ya ji muryarsa cikin rediyo. Ba a taɓa barin akwati shi kaɗai da mai koyo ba. Ku yanzu an tura muku akwatin cikin aljihu, an ɗauke mutumin da ke tsaye. Shi ya kamata ku nema, ba fuska ko murya ba.

Dokta Lawali: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kunne ya girmi kaka. Wallahi ban san shirin gajere ne haka ba.

Baba Isufu: Amin ɗana. Su ma sun san yaro bai zama.

Laminu: [saƙon murya, minti 4 da daƙiƙa 37]

Hamisu: Ga shi kuma. Laminu, sau nawa zan faɗa a zauren nan?

Laminu: Subhanallahi. Hamisu yi haƙuri, wallahi mantawa na yi, ina kan babur ne.

Hamisu: Ba komai, amma gara da ka yi, don ka kawo mini misali har gida. Ga waɗanda ba su san ni ba: sanƙarau ya ɗauke mini ji ina shekara goma sha ɗaya. Da karatun leɓe da littafin abokin zama na yi lise, wato sakandare, har na samu bak, takardar shiga jami'a. Tun safe kuna ta yabon murya, murya ta fi arha, murya ta fi sauƙi. A wurina darasin murya ƙofa ce da aka rufe aka tafi da makulli. Bidiyon labulen da Yaya Nana ke zagi ma ya fi mini, don aƙalla ina ganin bakin mutum, in bai sunkuyar da kai ba, in kuma hoton bai dushe ba. Wanda kuke so a koma, hannu yana rubutu murya na bayani daga gefe, rabi nake samu: ina ganin abin da aka rubuta, ban san dalilin da ya sa aka rubuta shi ba. Kar wani ya ce mini YouTube na fitar da rubutu da kansa. Yana yi, amma ku kunna shi a kan Faransancin malaminmu na nan ku sha dariya. Kalmomin fannin, waɗanda su nake nema, su yake fara kashewa.

Abin da nake roƙo bai da tsada. Duk abin da aka faɗa da baki a rubuta shi, ko a taƙaice, a haɗa da darasin. Shafi biyu na rubutu ko mega ɗaya bai kai ba.

Nana Hadiza: Hamisu ka yafe mini ƙanena. Ina ta kukan kuɗina, ban tuna da kai ba.

Dokta Lawali: Ni ma jikina ya yi sanyi. Shekara nawa ina turawa, ban taɓa tambaya ko akwai mai irin lalurarka cikin masu karɓa ba.

Hamisu: Ba za su faɗa ba Dokta. Sai dai ka ga sun daina zuwa.

Habsu: Bari in rubuta maka abin da Laminu ya ce. Ya gai da Baba, ya gai da Dokta, ya yi faɗa da wani mai adaidaita, sannan ya ce shi kabu-kabu yake yi da rana, yana sa abin ji a kunne ɗaya yana sauraron darasi tsakanin fasinja da fasinja, don haka shi murya ce ta yi masa. Shi ke nan.

Rakiya: Minti huɗu da rabi ya koma layi uku. A kai wa malamin Nana wannan.

Baba Isufu: Laminu, cire abin nan daga kunne in kana tuƙi. Digiri bai gyara ƙafa.

Laminu: To Baba. Sai in na tsaya jiran fasinja bakin kasuwar Kadro nake kunnawa, wallahi.

Habsu: Ƙarya yake Baba, yanzu ya ce yana kan babur.

Rakiya: Tunda an buɗe aibin murya bari in ƙara. Daren jarrabawa kana neman wuri ɗaya da malam ya bambanta abu biyu. A takarda ido zai kai ka cikin daƙiƙa biyar. A murya sai ka yi ta ja gaba, ja baya, ka faɗa tsakiyar tari, ka faɗa tsakiyar "kamar yadda na ce ɗazu". Ni yanzu duk muryar da na saurara, da bik a hannuna nake yi, ina rubuta minti kaza ya fara kaza. In malami zai yi wannan da kansa sau ɗaya, ya hutar da mutum ɗari. Kuma wanke-wanken da Nana ke cewa, mu faɗi gaskiya, abin da ka ji kana wani aiki ba ya zama. Yana yi wa bita, ba ya yi wa karon farko.

Nana Hadiza: Rakiya, ke ba ki da yara uku. In ban haɗa da aiki ba, ba zan ji shi ba sam.

Rakiya: Na sani Yaya, ba ke na nufa ba.

Ramatu: Ni ku bar maganar wanda aka naɗa, ku zo kan na kai tsaye. Namu ana yin sa ta Zoom, kuma doka ce sai ka kunna kamara, in ba haka ba a rubuta ba ka zo ba. Ƙarfe bakwai na yamma suke sa shi, don a can lokacin ne mutane suka taso aiki. A nan magariba ce tsaf, ga tuwo a wuta. Gidanmu a Ali Ɗan Sofo gidan yawa ne. Ina zaune da hijabi a ƙuryar ɗaki, na jingina waya da gwangwanin madara, sai ga uwar mijina ta shigo da ɗaurin ƙirji tana neman ashana, mutum talatin daga ƙasa huɗu suna kallo. Har yau ba ta san an gan ta ba, ni kuma ba zan faɗa ba. Tun ranar maigida ya fara cewa wannan wane irin karatu ne da ake shigo da maza har ɗaka.

Laminu: Innalillahi. Allah ya rufa asiri.

Dokta Lawali: Dalilin dokar shi ne wasu na shiga su ajiye wayar su tafi harkarsu, wasu ma wani ke zauna musu. Ba mugunta ba ce.

Ramatu: To a kira sunana a yi mini tambaya in amsa, Dokta. Wanda ya tafi harkarsa ba zai amsa ba. Ko a ce a kunna minti ɗaya a farko a kashe. Ganin bangon ɗakina ba shi ne shaidar ina fahimta ba.

Sa'adu: Kuma kamarar mutum talatin ita ke kashe rezon kowa. In an kashe, muryar malam ma ta fi fita.

Madam Zainabu: Ramatu, ba ku kaɗai ba, mu ma masu koyarwa muna da namu. Ni ban taɓa naɗar fuskata ba kuma ba zan yi ba. Abin da ya shiga wayar ɗalibi ya fita hannunka. A yanko daƙiƙa uku inda ka yi hamma ko harshe ya karkace, gobe kana yawo a TikTok da kiɗa a ƙasa. Namiji zai yi dariya ya wuce, mace kuwa har gidan surukai sai an kai.

Dokta Lawali: Ni ai an riga an yi. Akwai sitika tawa da ke yawo, na ɗaga yatsa, an rubuta "ba a gane ba ko?" a ƙasa. Ɗiyata ce ta turo mini.

Laminu: Dokta ina da ita.

Dokta Lawali: Na san kana da ita.

Sani mai caji: Salamu alaikum manya. Ni ba ɗan jami'a ba ne, Laminu ya sa ni a zauren don ina tura wa ɗalibai abubuwa. Rumfata ta caji da turi ce. Shekara da shekaru mutane na kawo katin memori in zuba musu tafsiri, wa'azi, fim, waƙa. Tsoho ya sa a ƴar rediyonsa ya saurari tafsirin azumi gaba ɗaya bai san wani abu mega ba. To darasi ma haka ne. Mutum ɗaya ya sauke, ya kawo, in tura wa arba'in ta manhajar Xender, waya zuwa waya, ko in zuba a kati, ko dala ba a ba kamfani ba. Matsala biyu nake samu. Ta ɗaya, wasu makarantun suna kulle bidiyon, sai dai ka kalla a shafinsu, ba ya sauka. Wannan ba ni da dabararsa. Ta biyu, suna. Yaro zai zo da abu goma sha biyu, kowanne sunansa VID da lambobi da WA a ƙarshe, ya ce in tura masa na mako na uku. Ni ina zan sani? Sai mun buɗe ɗaya bayan ɗaya, layi na jira. Don Allah malamai ku riƙa sa suna: darasi kaza, mako kaza, kashi na kaza. Masu tafsiri sun fi ku tsari a nan, kowane da ranarsa da surarsa.

Rakiya: Malam Sani ya gama magana.

Dokta Lawali: Malam Sani, tambaya ɗaya. Nawa kake karɓa?

Sani mai caji: Dala ashirin in kaɗan ne. In kati ne cike, dala ɗari.

Dokta Lawali: To ka ga inda wasunmu ke tsayawa. Na yi dare uku ina shirya abu, ba a ƙara mini ko tamma a albashi ba, ya koma haja a rumfa. Shi ya sa ake kullewa.

Sani mai caji: Dokta ba iliminka nake sayarwa ba, wutar pano na rana da lokacina ne. In ka zo da kanka kyauta zan tura maka.

Madam Zainabu: Dokta, ai polikop ɗinmu ma, takardun darasin da muke bugawa, masu fotokopi ke cin kuɗinsa tun muna ɗalibai, ba wanda ya ce a kulle. Ni abin da ya fi damuna tsohon darasi ne. Ka gyara kuskure bana, na bara mai kuskuren yana nan yana yawo a kati. Sai a riƙa faɗar shekara a farkon naɗin.

Habsu: Ku tuna da batun batir ma. Lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu a watan Agusta na 2023, wata nawa muka yi muna bin kuran kamar masu bin bashi? A lokacin na gane bambancin. Murya kana kashe fuskar waya ka sa a aljihu, ta yi ta yi. Bidiyo kuwa kafin a kai rabi waya ta yi zafi kamar a soya ƙwai, balle a watan Afrilu.

Sani mai caji: Lokacin kam mun yi ciniki, Allah ya sa kar a maimaita.

Mahamadu: Ni tambayata daban ce. In dai malami zai yi murya ta minti goma, me zai hana ya ƙara minti uku da Hausa? Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa, wanda ya maye gurbin tsarin mulkin Nijar, ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. A anfi, babban ɗakin lacca, malami na jin nauyin juyawa, amma a naɗi wa zai hana shi? Da yawanmu ba darasin ne ke kayar da mu ba, Faransancin ne.

Rakiya: Aji ba Hausawa kaɗai ba ne Mahamadu. Akwai Zabarmawa, akwai Barebari, akwai ƴan Cadi. Kuma takardar jarrabawa da Faransanci za ta zo.

Mahamadu: Ban ce a cire Faransanci ba, ƙari na ce. Wanda bai so ya tsallake. Kuma Bazabarmen da ya yi shekara biyu a Maraɗi bai ji Hausa ba, a ina yake cin abinci?

Rakiya: Jin Hausar sayen ƙosai daban, jin ta ƙididdiga daban. Mu kanmu ba mu da kalmomin.

Dokta Lawali: Bari in gwada a nan ku yi mini alƙalanci. Abin da muke kira ekar-tip. A ce ka tambayi kuɗin tiyar gero a kasuwa biyar: Tibiri, Madarumfa, Gidan Rumji, Tasawa, Dakoro. Ka haɗa ka raba biyar, ka samu matsakaici. To in duk biyar ɗin suna kusa da wannan matsakaicin, ɗan kasuwa ba shi da abin ɗauka daga nan ya kai can. In kuwa wata ta yi sama sosai wata ta yi ƙasa sosai, akwai tazara, akwai riba. Ekar-tip shi ne awon wannan tazarar, yadda farashin ya watsu nesa da tsakiyarsa.

Mahamadu: Wallahi shekara biyu ina lissafa shi ina samun maki, yau na san me nake lissafawa.

Rakiya: To na ji. Amma sunan ya zauna yadda yake, kar a ƙirƙiro wani da ba ya cikin littafi.

Hamisu: Kuma da yake rubutawa ya yi, ni ma na samu.

Baba Isufu: Lawali, wannan da ka yi shi ne aikin mutumin da ke tsaye cikin aji.

Dokta Lawali: Ku ba ni zuwa la'asar.

Dokta Lawali: To ga gwaji. Na jera littattafai biyu-biyu hagu da dama, na gitta katako a sama, na kwantar da waya tana kallon farar takarda, ina rubutu ina bayani. Minti bakwai. Sa'adu ya nuna mini yadda ake rage nauyi, ya dawo mega 21. Ga muryar ita kaɗai, ba ta kai mega 2 ba, ta Laminu ce in ya faka babur. Ga hoton shafi biyu da na rubuta bayanin a kai saboda Hamisu. Hausar tana minti na biyar da rabi. Suna: ƙididdiga, mako na 1, kashi na 1. Malam Sani a duba.

Sani mai caji: Suna ya yi. Ya sauka kafin in gama ba wani canji.

Nana Hadiza: Ya sauka ina cikin ɗaki, ban je gindin dogon yaro ba. Dokta ko za ka karɓi tarihin rigakafi ma?

Habsu: Akwai zakara a minti na uku.

Dokta Lawali: Na maƙwabta ne, ba ni da iko da shi.

Rakiya: Dokta, ashe bahago ne kai. Hannunka na rufe abin da ka rubuta, sai ka gama layi muke ganinsa, lokacin bayanin ya wuce. Juya wayar ta leƙo daga dama, ko ka riƙa ɗaga hannu bayan kowane layi. Kuma bik mai shuɗi ba ya fita sosai, nemi baƙi mai kauri.

Hamisu: Shafi na ɗaya ya fita tas, na gode Dokta. Na biyu inuwar wayarka ta faɗa kan ƙasansa, layi huɗu na ƙarshe ba sa karantuwa. Kuma ba ka rubuta misalin geron ba.

Dokta Lawali: Na ɗauka tunda yana nan sama cikin zaure ya wadatar.

Hamisu: Wanda zai karɓa a rumfar Malam Sani ba ya cikin zaure.

Dokta Lawali: Gaskiya ne. Bayan isha'i zan sake, zakaran ma ya kwanta. Wa ke da baƙin bik mai kauri kusa da unguwar Zariya?

Laminu: Ina da fasinja can ƙarfe takwas, zan biyo da shi.